Ranar da Kawu Siddiƙu Ya Karɓi Aji Ɗaya

A wani ƙauye da ke gefen Kwargaba, cikin ƙasar Wurno, akwai wani dillalin albasa da babba da yaro ke kira Kawu Siddiƙu. Sanin albasa kam ba a ja da shi. Daga ƙamshin buhu yake gane ta fadama ce ko ta tudu. Abin da ya ɓata lamarin shi ne, a ganinsa wanda ya san albasa ya san komai. Ya taɓa tsayawa kan wani makanike yana nuna masa gyaran injin ban-ruwa da baki, har injin ya yi hayaƙi ya mutu gaba ɗaya. Da aka tambaye shi, cewa ya yi injin ne bai fahimci bayani ba.

Da aka tashi zaɓen shugaban kwamitin iyayen yara na firamaren ƙauyen, sai aka ba shi, don an san ko ba a ba shi ba, shi zai cinye taron da magana.

Ana dab da komawa makaranta, gero ya fara nuna a gonaki, aka kira shugabannin kwamitoci bita a Wurno. Kawu ya zuba babbar riga, ya hau kabu-kabu. Da ya isa ya tarar da zaure biyu, ya leƙa ya ga a ɗayan ana raba jaka da kati na ratayawa a wuya, sai ya faɗa can. Ashe bitar malamai ce, kan yadda ake tarbar yara a farkon shekara. Ya sami kujera daidai ƙarƙashin fanka. Aka kawo shinkafa, ya yi mata adalci. Daga nan abin da ya shiga kunnensa, tsakanin barci da barci ya shiga.

Da yamma ya sauka a teburin Halliru mai shayi, inda majalisar gari take zama, kati na lilo a ƙirjinsa.

"Halliru, zuba min mai kauri. Yau na gano ciwon da ka damun ilimi ƙasag ga."

"Mi na na, Kawu?"

"Malamai! Ba su iya ranar farko ba. Yaro awa dashen albasa yake, in ka ɓata shi ranar dashe, ka ɓata shi har girbi."

Halliru ya ɗaga shayi sama ya zuba, ya ce, "Kai da ko alli ba ka taɓa riƙawa ba?"

"Na yi boko! Hedimasta da kainai yac ce ba abin da za a ƙara min, in koma gida."

"Mu dai abin da munka ji, malami kac ciza."

Majalisa ta kwashe da dariya. Kawu ya buga kofi a kan tebur.

"To ku saurara. Ran Litinin ni ka karɓar aji ɗaya da kaina. Kun san yadda sababbin yara ka cika gari da kuka ranar farko? In yaro guda ya yi kuka hannuna, in tuɓe wanga kati, in aje shugabancin gaban kowa."

"Mun shaida," in ji majalisa baki ɗaya. Wasu tun a nan suka ɗage zuwa gona na ranar Litinin.

Abin da majalisa ba ta tuna ba, aji ɗaya yana da mai shi. Nafisa ce, ɗiyar ƙanwar Kawu, wadda ta gama kwalejin horon malamai aka turo ta garinsu. Wannan ne aikinta na farko, kuma an gaya mata mai duba makarantu za ta zagayo cikin makon, idonta a kan sababbin malamai. Da ta zo gaishe shi washegari bayan la'asar, ta durƙusa, ta ce, "Kawu, a sa mu addu'a. Gabana sai hwaɗuwa shikai."

"Addu'arki ta riga ta karɓu, tunda kina da ni. Matso ki ji sirri."

Matarsa Kaltume tana gefe tana tankaɗe. Ta ɗago kai, ta mayar.

"Na farko, ki tsaya bakin ƙohwa ki tarbi kowane yaro da murmushi. Sannan ki san sunan kowa tun ranar. Ki bari su yi tambaya, kowace iri, kak ki hana. Babban sirri kuwa, kayan gani da ido. Kak ki ce ma yaro ga abu, kawo mashi abin shi gani, shi taɓa, shi sunsuna."

Nafisa ta ce, "Haka anka koya muna a kwaleji, Kawu. Na gode."

"An koya muku da baki. Ni da aiki za ni nuna miki. Ki zauna baya ki yi kallo."

Fuskar Nafisa ta canza. "Kawu, ai da ka bari..."

Kaltume ta ce, "Malam, ɗiyanka na cikin gida ma ranar sallah sai ka kira wanga da sunan wancan."

"Wannan yawa sunka yi."

"Su huɗu?"

"Ke dai yi tankaɗenki."

Ranar Litinin da hantsi, sai ga Kawu ya shigo filin makaranta, kati a wuya, yana jan jakinsa, an ɗora wa jakin buhun tsohuwar albasa wadda ta daɗe a ajiya ta yi yaji. Bayansa rabin majalisa. Hedimasta, Malam Lukman, mutum ne mai kunya, kuma Kawu abokin mahaifinsa ne. Ya taro shi da sauri.

"Kawu, barka da hantsi. Wanga jaki hwa?"

"Darasi na. Albasa ta A ta, shi kuwa na J na. In mun kai wurin a shigo da shi."

"Kawu, ai a ƙa'ida, malami kaɗai..."

"Lukman, wa yak kawo ka makarantag ga ranar farko, kana birgima ƙasa kana kiran innarka? In hwaɗi sauran gaban malamanka?"

Malam Lukman ya tuna yana da aiki a ofis.

Kawu ya sauke buhu, ya ɗaure jakin a gindin dogon yaron da ke tsakar fili. A reshen itacen ne aka rataye tsohon ƙarfen tayar mota, wanda ake bugawa in za a shiga aji ko za a tashi. Sannan ya kai buhu cikin aji ɗaya, ya tokare ƙofar, ya buɗe murmushin da ya yi ta gwadawa a madubin babur tun asuba. Haƙoran nan goro ya rina su jawur, na gaba biyu kuma sun daɗe da yin ƙaura.

Yaro na farko, wani ɗan mitsitsi mai suna Musaddiq, ya taho riƙe da gorar kunu. Ya ɗaga kai ya ga murmushi. Ya tsaya. Ya juya a hankali, ya zura da gudu. Sai da Nafisa ta bi shi har bakin gonar dawa ta ɗauko shi, leɓensa na rawa.

Halliru ya ce daga bakin taga, "Kawu, an hwara."

"Wannan ba kuka ba na, shirin kuka na. Ba a sa shi cikin lissahi."

Sauran yaran ta ƙarƙashin hannunsa suka riƙa sulalewa ciki, idonsu a ƙasa. Da kowa ya zauna, Kawu ya tsaya gaban allo ya gyara riga. Tagogi sun cika da kawunan manya.

"Yanzu sunaye. Sau guda ni ka jin suna, ya zauna. Ke, mi sunanki?"

"Fatsuma."

"Madalla. Ke hwa?"

"Fatsuma."

"To. Ta bayanki?"

"Fatsuma."

Kawu ya share gumi. "Wai garin ga suna ya ƙare? To, da ubanninku za ni rarrabe ku. Ke na gane ki, ɗiyar Mujaheed ta, Mujaheed Tsoron-Kwaɗo."

Yara suka fashe da dariya. Wannan laƙabi tun suna samari aka maƙala wa Mujaheed, ranar da kwaɗo ya shige masa wando a fadama, kuma an daɗe ba a kuskura a faɗe shi a gabansa ba. Daga taga ta ƙarshe wata murya ta yi tsawa.

"Siddiƙu! Ina nan hwa! Maimaita in ji!"

"Misali na nib bayar, Mujaheed. Harkar ilimi ta."

"Hito waje in nuna maka harkar ilimi!"

Kawu ya ce 'yan kallo suna raba hankalin ɗalibai. Ya bi tagogin nan na ƙarfe ɗaya bayan ɗaya ya rufe, ya tura ƙofa ya sa sakata ta sama. Ajin ya yi duhu-duhu, zafi ya fara taruwa. Majalisa ta koma leƙe ta ramukan da tsatsa ta ci.

Nafisa ta matso ta yi ƙasa da murya. "Kawu, ko taga guda a bari, iska..."

"Koyo kinka zo yi ko gardama? Koma ki zauna." Ya juya ga yara. "Yanzu lokacin tambaya na. Kowa shi tambayi abin da yag ga dama. Aji nawa ba a jin tsoro."

Yara suka dubi juna. Can wata yarinya mai ɗan kunne ɗaya, Zinariya, ta ɗaga hannu.

"Yawwa, jaruma! Tambayi."

"Kawu, wai da gaske Inna Kaltume ta kore ka da tsintsiya ranar da kaz zuba ma awakinta magani sunka yi ta gudawa?"

Bayan tagogi aka ji wani abu kamar mutane suna shaƙewa.

"Tambaya ta karatu nic ce!"

"Kac ce kowace iri," in ji ɗaya daga cikin Fatsumomi.

Musaddiq, wanda ya fara sakin jiki, ya ɗaga gorarsa. "Ina haƙoranka sunka tahi?"

"Mi as cikin tumbinka?" in ji wani.

"Yaushe za a tashi?"

"Ina jin hitsari."

"An ruhe tambaya!" Kawu ya daka tsawa. Ya ga lamari yana neman kuɓuce masa, sai ya jawo buhu, ya zaro wuƙarsa ta dillanci daga aljihu. Ya zana wata A a allo, mai ƙafa ɗaya doguwa ɗaya gajeriya. "Ku dubi nan. Wagga A ta. A, albasa! Ku ce!"

"A, albasa!"

"Da ƙarhi!"

"A, ALBASA!"

Ransa ya yi fari. Nan fa ya zo gidansa. Ya ɗauki albasa ya tsarge ta cikin ƙwarewa, ya ɗauki wata, ya ɗauki wata, hannu na gudu kamar a kasuwar Goronyo. Ya bi benci-benci yana danƙa wa kowane yaro yanki.

"Ku gani! Ku taɓa! Ku sunsuna da kyau, ilimi ta hanci ma shina shiga!"

Nafisa ta miƙe. "Kawu, don Allah..."

Ta makara. Yara masu biyayya suka kai albasa hanci suka ja numfashi. Benci na gaba ya fara ƙifta ido. Na tsakiya ya fara jan majina. Wani ya murza ido da hannun da ya riƙe albasa, ya ƙwalla ƙara, na kusa da shi ya ga haka ya taya shi. Waɗanda dama tun safe suke riƙe da kukan kewar gida suka ga hanya ta samu. Kafin Kawu ya koma gaban allo, ajin gaba ɗaya ya ɗauka, har da amshi.

"Ku yi shiru! Yaji na kawai, yanzu shi wuce! Ku dube ni, ni ina kuka?"

Ya kai hannu ya share idonsa don ya nuna musu. Hannun da ya yanka rabin buhu.

Duniya ta ɓace wa Kawu Siddiƙu. Ya yi baya yana lalube, ya ture buhu, albasa ta watsu tana gangarawa. Ya taka ɗaya ta tafi da shi, ya rungumi allo, allo ya biyo shi ƙasa. Ya tashi fari fat da garin alli, hawaye na tsaga hanya a kumatunsa, yana neman ƙofa a jikin bangon da ba ƙofa.

A waje kuwa, jaki ya ji ihu ya firgita. Ya ja igiya, ya juya, ya sakar wa ƙarfen nan harbi da ƙafafun baya. Ƙarar ta ƙara firgita shi, ya sake harbi, ya haɗa da kukansa. Manyan azuzuwa suka ji ƙararrawa ba ƙaƙƙautawa, suka ce an tashi, suka ɓarko waje da jakunkuna suna murna, malamansu na bin su suna kira. Cikin gari mata suka ji ƙarfe na ta bugawa, ga kururuwar ƙananan yara. Mai daka ta yar da taɓarya, mai wanki ta bar sabulu cikin ruwa, aka zari mayafai aka nufo makaranta.

Nafisa ta taka benci ta zare sakata, ta banke ƙofa. Yara suka fito suna kuka, ido jawur, suka faɗa jikin iyayensu. A gaban matan akwai Inna Larai, kakar Zinariya, tsohuwa mai faɗa, da muciya a hannu ko tuwon jikinta bai bushe ba.

"Wa yat taɓa min jika? Zinariya, wa na?"

Zinariya ta nuna ƙofa tana shessheƙa. "Shi na! Da wuƙa!"

Daidai nan Kawu ya fito yana lalube, fari kamar an tono shi daga rumbun gari, ido a rufe, wuƙa a hannu. Mata suka sa salati. Inna Larai ba ta tsaya salati ba, ta ɗaga muciya.

"Larai, tsaya in yi bayani! Kayan gani da ido na!"

"Yanzu ka gani da ido!"

Da ƙyar Malam Lukman ya shiga tsakani, muciya ta sauka a kafaɗarsa maimakon ta Kawu. Halliru da 'yan majalisa sun zube gindin bango, dariya ta hana su ceton kowa. Mujaheed kaɗai ya matso, shi ma cewa yake a bar tsohuwa ta yi aikinta.

Ana cikin haka wani babur ya tsaya a bakin fili. Wata mata mai tabarau ta sauko, ta tsaya tana kallon ɗalibai na guje-guje, jaki na harbin ƙararrawa, albasa ko'ina. Malama Latifa ce, mai duba makarantu. Malam Lukman ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige.

"Hedimasta, mi ka hwaruwa nan?"

Kafin ya amsa, Kawu ya buɗe ido ɗaya da ƙyar, ya ɗaga katinsa. "Hajiya, sabon tsari na. Daga bitar Wurno munka zo da shi. Wata ƙwararra ta koya muna."

Malama Latifa ta sauke tabarau ta dube shi da kyau. "Ni ce nik koyar a bitar. Tsaya... ba kai na ba na ƙarƙashin fanka? Wanda minsharinai yas sa anka ƙara ma lasifika murya?"

"Tunani ni kai, Hajiya. Ni in ina tunani mai zurhi..."

"Kayan gani da ido nic ce, Alhaji. Ban ce kayan kashe ido ba. Ina malamar ajin?"

Nan gaban Kawu ya faɗi da gaske, ya tuna aikin wa ya taɓa. Ya ce da sauri, "Hajiya, yarinyar ba ruwanta. Ta hana ni, nik ƙi ji. In rubutu za ki yi, ni za ki rubuta."

Aka duba ba a ga Nafisa ba. Can aka hango ta bakin famfon makaranta. Ta jera 'yan ajinta, tana wanke musu fuska ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar kowa sunansa da sunan da ake kiransa a gida, tana 'yar waƙa suna amsawa cikin jan hanci. Fatsumomin nan uku har sun zama Fatsuma, Tsuma da Ta-Inna. Musaddiq ya riƙe gefen hijabinta ya ƙi saki. Malama Latifa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa hedimasta, "Wadda ta iya kwantar da aji bayan wanga bala'i, ba abin da zai gagare ta. Ku riƙe ta da kyau. Shi kuwa ku riƙe shi nesa."

Halliru ya taso yana share hawayen dariya, ya miƙa hannu. "Kawu, kati."

"Wane kati? Kuka nic ce. Wannan hawaye na. Kuka daban, hawaye daban."

"To ihun da anka ji har bakin kasuwa hwa?"

"Karatu na da ƙarhi."

Inna Larai ta sa bakin muciya ta saƙalo igiyar katin, ta zare shi ta kansa har da hula, ta miƙa wa hedimasta. Kawu ya kwance jakinsa ya nufi gida, ido a kumbure, mata na tsintar albasa suna ƙullewa a mayafi, wai ladan firgita.

A gida ya tarar da Kaltume. Ruwan sanyi kawai ta ajiye masa, ta koma ɗaki, ya riƙa jin gado na girgiza don dariya.

Washegari da safe ya lallaɓa teburin shayi, ya zauna can ƙarshen benci, ba ya kallon kowa. Malam Lukman ma yana nan yana karyawa, kafaɗa na ciwo. Sai ga 'yan aji ɗaya sun taho za su makaranta, Zinariya a gaba. Suna hango Kawu suka tsaya cak, suka haɗa baki da iyakar ƙarfinsu:

"A! ALBASA!"

Suka zura da gudu suna ƙyalƙyala dariya.

Kawu ya ɗago kai a hankali. Ya dubi Halliru, ya dubi hedimasta. Ƙirjinsa ya fara tasowa.

"Kun ji? Kun ji da kunnenku? Lukman, tun da kake aikin ga, ka taɓa ganin aji ɗaya sun riƙe harahi rana guda, ba wanda yam mance? Ko guda?"

Malam Lukman ya girgiza kai. Gaskiya bai taɓa gani ba.

Halliru ya ce, "To Kawu, A ta zauna. Sai mi?"

Kawu ya kurɓi shayi, ya lumshe kumburarrun idanunsa, ya yi tunani irin na manyan masana.

"B," ya ce. "Barkono."

Malam Lukman ya bar shayinsa da burodinsa, ya tattare riga, ya bi yaran nan da gudu yana ƙwala wa maigadi kira a rufe ƙofar makaranta.